WAIWAYE: Kafin a Kai Liyarin Kaka Maƙera

DUK mai kallon finafinan Hausa na sarauta da gargajiya ya san wannan fitowar: attajiri ya kishingiɗa a kan darduma, bara ya durƙusa a gabansa, sai ya cillo masa 'yar jaka ta faɗi ƙasa ta ce "kacau!" Bara ya cafe, ya shiga zuba godiya. Amma kyamara ba ta cika leƙa cikin jakar nan ba. Wa ya sani, ko tsakuwa ce a ciki ko marafan kwalbar lemo? Su ma 'yan kallo ba su damu ba, hankalinsu na can wajen jiran waƙa.

To ai kuwa kuɗin gasken da ya kamata a ce su ne a cikin jakar suna nan ba su ƙare ba. Suna ƙasan adudu, suna cikin batta, suna ƙulle a tsumma a ɗakunan kakanni, birni da ƙauye. Sai dai kullum raguwa suke yi, don jikoki sun gano hanyar maƙera. A kan wannan batu filin zai tsaya a wannan watan.

Bari a buga misali da wani saurayi a Indabo, cikin ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano, don irinsa suna da yawa. Ɗan shekara ashirin ne da 'yan kai, ya gama sakandare, kuma ba shi da wani buri a duniya kamar ya ga fuskarsa a fosta. Ya haddace sunan kowane darakta, ya san wanda ya rera kowace waƙa. Sai aka ce masa akwai wani kamfani a Titin Gidan Zoo a Kano da ke sayar da fom na sababbin 'yan wasa. Ga kuɗin fom, ga na mota, ga na sabon ɗinki kada a raina shi. Aljihu kuwa ko sisi.

Nan ya tuna da battar kakarsa. Tun yana ƙarami yake ganin in za ta shanya kayan adudu bayan damina, takan fito da wata 'yar batta ta buɗe, ta duba, ta mayar. Yayansa ma ya taɓa lallaɓa ta ya karɓi guda biyu, ya kai maƙera aka zuba masa zobba. Kuma ya sha ji a majalisa wai akwai masu sayen kuɗin da a birni, wai ƙwaya ɗaya sai ta sayi babur.

Ya same ta da hantsi tana tsinke zogale.

"Amarya, yau ango da buƙata ya zo."

"Angon da ko goro bai taɓa kawowa ba? Faɗi in ji, ja'iri."

"Tsofaffin ƙarafan nan na cikin batta, me za ki yi da su? Ko ashana ba a saye da su. Ki ba ni in kai Kano a canzo mana."

Tsohuwa ta ajiye faifai ta dube shi. "Ƙarafa ko? Ɗauko min battar. In ka faɗa min sunan guda uku a ciki, na bar maka duka."

Aka zazzage batta a kan tabarma. Wanda ya san sunan kowane darakta sai ga shi yana sosa ƙeya.

Matar da ke jikin liyari

Na farkon da ta ɗaga babba ne, mai nauyi, an yi masa kunne a sama wurin zura zare. "Wannan liyari ne," in ji ta. "Da shi a wuya aka kai uwata ɗakin miji, da shi aka kai ni. Biyar ne da. Na ba gwaggonka ɗaya, yayanka ya cinye biyu."

Liyari, daga kalmar Larabci riyal, shi ne sunan da Hausawa suka ba wani kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya. Matar da ke jikinsa da mayafi a ka ita ce Sarauniya Mariya Tariza, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. A bayansa kuma mikiya ce mai kai biyu. Nauyinsa giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari na jikinsa azurfa ce zalla. Har a kewayen bakinsa an yi rubutu, don kada wani mai wayo ya kankare gefe ya rage masa nauyi. Shi ya sa fatake suka amince da shi tun daga Yaman da Habasha har Tarabulus, daga can ya biyo ayarin raƙuma ya keto Sahara zuwa Borno da Kano.

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. A wancan zamani wuri ne kuɗin kasuwa. Ita kanta kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce. Saboda haka falken da zai yi nisa, maimakon ya labta wa jakuna buhunan wuri, sai ya ɗaure liyari a lalita ya kama hanya. Mata kuma suka mai da shi abin ado da ajiya lokaci guda: yana wuya ranar biki, yana nan ranar da ta ɓaci.

To ga inda ake yi wa samari sakiyar da ba ruwa. Kusan duk liyarin da mutum zai gani, shekarar 1780 ce a jikinsa, sai a ce wai ya haura shekara ɗari biyu, wai Turawa na nemansa ruwa a jallo. Ba haka abin yake ba. Da sarauniyar ta rasu a 1780, 'yan kasuwa sun riga sun saba da kamanninsa, sai aka ci gaba da buga shi da tsohuwar shekarar ba canji. An buga ɗaruruwan miliyoyi. An buga a Rum, an buga a Landan da Faris, kai har a Bombay, Mumbai ta yau, garin su Amitabh Bachchan, an buga shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina buga shi da 1780 ɗin nan ba. Ke nan shekarar da ke jiki ba ta faɗin ranar haihuwarsa. Bakin kaka ne kaɗai zai faɗi tun yaushe ya shigo gidan.

Sulallan gyaɗa

Sai ta ware wasu ƙanana guda bakwai da suka yi duhu. "Waɗannan kakana ne ya kai gyaɗa Kano a kan jaki ya dawo da su. Ubana bai kashe ba, ni ma ban kashe ba."

Nan ma tarihi na tare da ita. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, ta fito da nata kuɗin a 1913: dala, wadda wasu ke kira fataka, wato sule biyu, sai sule, sai sisi, sai taro. Gaba kan Sarki Joji na Biyar ne, bayan sule da dala kuma bishiyar manja. Daga 1913 zuwa 1919 duk na azurfa ne mai kyau, kashi 92 da rabi cikin ɗari. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1920 aka koma buga su da gamin tagulla mai ruwan ɗorawa. Su ma sulallan Ingila da suka yi yawo a nan haka suka bi: kafin 1920 azurfa ce mai kyau, daga 1920 zuwa 1946 rabi da rabi, daga 1947 kuwa ko ƙwayar azurfa babu.

Masu huda a tsakiya, wato anini da ɗari da kwabo, ba su taɓa zama azurfa ba. Amma suna da nasu abin kallo: tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a na zamanin Turawa. Lissafin kuwa shi ne anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, fam ɗari jaka. Duk saurayin da ke cewa "ba ni da ko anini" ko "ko sisin kwabo" ya sani yana ambaton kuɗin da bai taɓa riƙewa ba.

Me ya sa mutanen da suka riƙe azurfa haka? Manomi ya san takarda gara na ci, gobara na lashewa, ruwa na jiƙawa. Azurfa kuwa a zuba a tulu a binne, bayan shekara ashirin a tono ta tana nan. Ba talaka kaɗai ba. Labari ya shahara cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhassan Ɗantata kayan raƙumi ashirin na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan Wudil, wadda aka sauya wa suna a 2022, sunan tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote take ɗauke da shi.

Akwai kuma guda ɗaya da ba hoton kowa a jikinsa, rubutun Larabci ne gaba da baya. Riyal ne na Saudiyya na azurfa, irin wanda aka fara bugawa a 1354 ta Hijira, wato 1935, zamanin Sarki Abdul'aziz. "Baffana ne ya je Makka a ƙasa," in ji tsohuwa. "Har an fid da rai da shi, sai ga shi. Wannan ne tsarabar uwata." Haka alhazan da suka yi: su bi ta Borno da Chadi su shiga Sudan, su tsaya su yi ƙwadago a gonakin auduga su tara guzuri, sannan su haye Bahar Maliya. Wasu shekaru suke yi a hanya, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har gobe.

Wanda ba azurfa ba

Saura guda ɗaya, a ƙulle daban cikin wani ɗan ƙyalle. Saurayi ya ɗauka shi ne mai tsadar. Da aka kwance sai ga sule fari, da kan Sarauniya Elizabeth, da shekarar 1959.

Wannan na cikin kuɗin farko da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ya fara aiki a 1959. An yi musu ado da amfanin gona: manja a sule, gyaɗa a dala, koko a sisi, auduga a taro. Fari ne, amma babu azurfa a cikinsa, gamin jan ƙarfe ne da wani farin ƙarfe. An kashe su har zuwa 1 ga Janairu, 1973, ranar da naira da kwabo suka shigo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A wurin maƙeri wannan sulen ba ya da wata daraja.

"Wannan kakanka ne ya ajiye min na cefane, da safen da ya fita bai dawo da ƙafarsa ba," in ji ta. "Ubanka yana goye. Da aka zo canjin kuɗi kowa ya kai nasa, ni na ce wannan ba inda za shi." Ta mayar da shi cikin ƙyallen ta ƙulle. "To angona, wanne za ka kai Kano?"

Saurayi bai ce uffan ba.

Nawa ne kuɗinsu?

Tunda maganar babur ce ta kawo shi, bari a yi lissafi. A kasuwar duniya da oza ake auna azurfa, oza ɗaya kuwa giram 31 ne da ɗan ɗoriya. A watan Oktoba na 2025 farashin oza ya haura dalar Amurka 50, ya karya tarihin da aka kafa tun 1980. Azurfar da ke cikin liyari wajen giram 23 ce, ke nan a wannan farashi ba ta kai dala 40 ba. Ta cikin sulen 1913 giram biyar ce da kaɗan, ba ta kai dala 10 ba. Shi kuma mai saye sai ya cire ribarsa. Masu tara tsofaffin kuɗi a ƙasashen waje sukan biya fiye da haka a kan wasu 'yan tsiraru da ba a buga da yawa ba, amma sai wanda bai goge ba, ba a huda shi ba, ba a yi masa kunne ba. Na adudun kaka kuwa yawanci sun sha wuya da hannu.

Kuɗi ne, ba a ce ba kuɗi ba ne, amma na 'yan kwanaki. Duk wanda ya zo da maganar miliyoyi, ya ce a kawo kuɗin gwaji ko na kai samfur wurin wani Bature, to a riƙe aljihu da kyau, kada garin neman gira a rasa ido. Haɗarin ma shi ne duk sanda azurfa ta yi tsada, lokacin ne aka fi narka su. Minti kaɗan liyari ke yi a wuta ya zama ruwa. Zoben da aka zuba wa yayan saurayin nan, ɗaya ya faɗi a wurin ƙwallo, ɗaya yana hannun wata budurwa da tuni ta auri wani.

Sannan akwai hakki. Abin da ke cikin batta na mai batta ne. In tana raye sai da yardarta, in ta rasu kuma ya zama gado, na magada ne duka, ba na jikan da ya riga kowa shiga ɗaki ba. Gidaje nawa aka daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba?

Ga mai son farawa

Tara tsofaffin kuɗi sha'awa ce kamar tara fosta ko kalandar 'yan wasa, kuma ba ta bukatar jari. Daga gida ake farawa. A sami littafi, kowane kuɗi a ba shi shafinsa: sunansa, shekarar da ke jiki, wa ya kawo shi gidan, a wane dalili, hannun wa da wa ya bi. A ɗauki hotonsa gaba da baya. Mafi muhimmanci, a kunna waya a ɗauki muryar mai shi tana ba da labari da bakinta. Kuɗin zai iya shekara ɗari nan gaba, mai labarin ce ba ta da tabbas.

Kada a wanke. Wannan ne kuskuren da kowa ke fara yi: a samo toka, ko tsamiya, ko lemon tsami, ko yashi, a dirje har sai ya yi ƙyalli. Dirzar nan na cinye zanen, ta zubar da darajarsa. Duhun da azurfa ke yi ba lalacewa ba ce, shaidar shekaru ce. In ƙasa ce ta kama shi, ruwa mai tsabta da ɗan sabulu sun isa, a tsane da tattausan ƙyalle. A naɗe kowanne daban a farar takarda don kada su riƙa gogar juna, a ajiye inda ba laima. A nisanta su da robar ɗaure kuɗi, don tana baƙanta azurfa.

Wajen gane ta gaske, maganaɗisu ba ya kama azurfa, saboda haka duk wanda ya manne na jabu ne. Amma rashin mannewa bai isa shaida ba, don tagulla ma ba ta mannewa. Sai a haɗa da shekara, da nauyi a sikelin masu sayar da gwal, da kuma sauti: azurfa in an ɗan ƙwanƙwasa ta tana da zaƙin amo mai daɗewa. Wanda ya shiga birni ya leƙa Kasuwar Kurmi wurin masu kayan da, ya sha kallo, ya yi tambaya, amma kada ya yi saurin zaro kuɗi, don a kasuwa akwai na gaske akwai na jiya-jiya. Gidan Makama na nan ga mai son ganin kayan tarihin Kano, Babban Banki kuma yana da gidan adana tsofaffin kuɗi a Abuja.

Saƙo ga 'yan industiri

Furodusoshi da daraktoci su ma da nasu a ciki. In labari na zamanin kafin zuwan Turawa ne, wuri da liyari ne kuɗinsa. In na zamanin dalar gyaɗa ne, a yi ciniki da sule da sisi da taro. Duk jarumin da ya ambaci naira a labarin da ya faru kafin 1973, to ya yi ɓaram-ɓarama, kuma dattawan da ke kallo suna ganewa ko ba su faɗa ba. Ba sai an saya ba: a ara, a nuna wa kyamara da kyau, a mayar wa masu shi da godiya. Kuma marubucin da ke kukan labari ya ƙare, har yana leƙen na Indiya, ya je ya zauna gaban batta irin ta Indabo. Falke, da manomin gyaɗa, da alhajin ƙasa, da matar da aka bari da goyo, ai fim huɗu ke nan a tabarma ɗaya.

'Yan fim ma sun fi kowa sanin zafin rashin ajiya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Yau mutum nawa ne za su iya fito da kaset ɗinsa na asali? Wannan fa abin jiya ne. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.

Shi dai saurayin Indabo bai fita da batta ba. Da tsohuwa ta ga jikinsa ya yi sanyi sai ta yi dariya ta ce, "In fom ne, ga ɗan akuya can a turke, ranar Juma'a ka kai shi kasuwar Wudil. Amma ka bincika kamfanin tukuna, kada su cinye min akuya a banza." Ta zaɓi taro ɗaya na 1913 ta danƙa masa, ta ce ya fara da wannan, in ya riƙe shi shekara guda bai ɓatar ba za ta ƙara masa.

Kafin ya tashi sai da ya jingina wayarsa a jikin turmi, ya ce ta maimaita tun daga liyari. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce ya bari ta sako mayafinta mai kyau tukuna, tunda fim za a yi.

Mai karatun da ke da kaka a raye, yau Allah ya ba shi dama. Sai wata mai zuwa, in mai duka ya kai rai.